Martani: A Kurfai, Abin Da Aka Fesa A Gona Yana Ƙarewa A Garke Da Ƙwarya

Na karanta rubutun da wani ɗan'uwa malami ya fitar kwanakin baya kan maganin ƙwari a ƙasar Kurfai, na ga bai kamata a bar shi ba amsa ba, domin mutane da yawa a Filinge za su karanta su ce haka ne. Ya kafa maganarsa a kan hujjoji uku. Ya ce yunwa ta fi guba kisa, don haka ƙasar da fara da tsutsa ke cinye wa hatsi ba ta da halin tsoron feshi. Ya ce duk wanda magani ya kwantar, ko ya kashe masa dabba, sakacinsa ne, domin da ya karanta takardar jikin kwalba, ya rufe jikinsa, ya tsare dabbarsa, da ba abin da zai same shi. Sannan ya ce maganin da ke shigowa daga Najeriya shi ne wanda talaka ke iya saye, masu neman a hana shi kuwa karatun Turawa kawai suke maimaitawa.

Hujjar farko ba ni da ja a kanta sai kaɗan. Duk wanda ya ga farar 2004 da yunwar da ta biyo baya a 2005 ya san abin da ake nufi da rumbu ba kowa. Ni ma ban ce a bar ƙwaro ya cinye gona ana kallo ba. Amma tunda Malam ya ɗauko zancen fara, bari mu tsaya a kanta. A yaƙin da aka yi da farar daji daga 2003 zuwa 2005, an fesa kusan lita miliyan 13 na magani a ƙasashen Afirka ta Arewa da ta Yamma. Waɗanda suka yi wannan aiki ma'aikata ne da aka horar, aka ba su riguna da takunkumi da safar hannu da takalman roba. Duk da haka, ƙa'idar Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, ita ce a gwada jininsu kafin su fara, a riƙa sake gwadawa, wanda aka ga magani ya fara taɓa shi a janye shi daga aiki sai ya murmure. An kuma wajabta a sanar da makiyaya su nisantar da dabbobinsu na wasu kwanaki, kuma a tattara gangunan da aka zazzage kada su faɗa hannun jama'a. Idan ma'aikacin gwamnati mai cikakken kayan kariya sai an bi shi da gwajin jini, ina yaron da ya goya injin feshi mai yoyo a bayansa, da ƴar shara da silifas, cikin garkar mahaifinsa?

Dalilin wannan gwaji ya kamata kowa ya san shi. A jikin mutum da dabba akwai wani sinadari da ke tsayar da saƙon jijiya bayan ya isa inda aka aike shi. Piya-piya, wanda ake rubuta DDVP a jikin kwalbarsa, da danginsa da yawa da ake fesa wa fara da ƙwarin garka, aikinsu shi ne ɗaure wannan sinadari. Da zarar an ɗaure shi, sai saƙo ya yi ta bugawa ba tsayawa: yawu ya dalalo, hawaye da gumi su zubo, ƙwayar ido ta ƙanƙance, ciki ya ɓaci, tsoka ta yi ta rawa, huhu ya cika da ruwa, numfashi ya gagara. Haka yake kashe ƙwaro, haka kuma yake kashe akuya da ɗan Adam, bambancin yawa ne kawai. Kuma ba sai an sha ba. Yana shiga ta fata, ya fi shiga idan jiki ya jiƙe da gumi, yana kuma shiga ta numfashi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa DDVP a rukunin magunguna masu haɗari ƙwarai. Shi ne wanda ake sayarwa a teburin kasuwa kusa da sabulu da ashana.

Yanzu ga hujja ta biyu, wadda ita ce ta fi damuna, domin ita ce ke ɗora wa wanda aka cuta laifin cutarsa.

Malam ya ce a karanta takarda. Wace takarda, cikin wane harshe? Maganin da ya fito daga Najeriya da Ingilishi ake rubuta bayaninsa. Mutanen Kurfai da Imanan da Tondikandiya da Tagazar suna magana da Hausa da Zabarmanci da Buzanci da Fulatanci, wanda ya yi boko kuwa Faransanci ya koya. A Nijar baki ɗaya, manyan da ke iya karatu da rubutu ba su wuce kusan ɗaya cikin uku ba. Kuma sau da yawa takardar ma ba ta isowa hannun mai saye, domin ɗan tebur yana ɗura masa ne a gorar ruwa ko kwalbar lemo, gwargwadon kuɗinsa. Awon da ya sani shi ne murfin kwalba, shawarar da ya samu ita ce ta mai sayarwa, wanda shi ma ba wanda ya koya masa, kuma ribarsa tana cikin a ƙara murfi ɗaya.

Ya ce a rufe jiki. Kayan kariya na gaskiya ba sa cikin kasuwannin ƙauye, idan an same su sun fi maganin tsada, kuma wanda ya taɓa sa rigar roba cikin zafin da ke kai digiri 40 ya san ba a daɗewa a cikinta. Wannan ba uzuri ba ne da na ƙirƙiro. Kundin ƙa'idojin duniya kan magungunan ƙwari, wanda FAO da Hukumar Lafiya ta Duniya suka fitar tare, ya faɗa a fili cewa maganin da ba a iya aiki da shi sai da kayan kariya masu tsada, ko masu wuyar samu, ko masu takura jiki, a guje masa, musamman ga ƙananan manoma a ƙasashe masu zafi. Wato masanan da suka fi kowa sanin maganin sun yarda cewa akwai wuraren da ba yadda za a yi a yi amfani da wasu magunguna lafiya lau. Ƙasarmu tana cikin waɗannan wurare.

Ya ce a tsare dabba. A nan ne na ga kamar Malam ya manta yadda ake zama a kwarin Dallol Boso. Mai gona shi ne mai tumaki. Waken da aka fesa wa magani yana fure, shi ne zai ba da harawar da za a ɗora kan rumfa, a ciyar da ragon turka har Layya. Kowar wake, karan hatsi, ciyawar da aka cire a gefen kunya, duk abincin dabba ne. A garkunan Bonkuku, inda dankalin Turawa ya yi suna, da sauran garkunan rani na cikin dallol, ganyen kabeji da aka ɓare da haki da aka nome ba a zubar da su, yara ne ke kwashe su da yamma su kai wa awaki. Kowane magani yana da kwanakin da ya kamata a jira kafin a ci abin da aka fesa masa ko a ba dabba. Akuya mai yunwa cikin rani, da uwar gida da ba ta da kuɗin dusa, ba za su jira kwanakin da ba wanda ya gaya musu ba.

Sai ruwa. Albarkar dallol ita ce ruwansa yana kusa, ƙasarsa rairayi ce, a wurare da dama ba a yin nisa da tono ake tarar da shi. Wannan albarka ita ce kuma hanyar cuta. A bakin rijiyar garka ake dama magani, a nan ake wanke injin feshi, ruwan wankin ya nutse cikin rairayi ko ya kwanta a ɗan kwari. Rijiyar nan ita ce mai garka ke sha, ita ce yake alwala da ita, a komin da ke gefenta ake shayar da jaki da shanun huɗa.

Wannan duk zancen dabbar mai gona ne, wanda aƙalla ya san ranar da ya yi feshi. Makiyayin da ya biyo burtali daga wajen Abala zuwa kudu fa, ko ya juyo zuwa arewa farkon damina? Ba tuta, ba alama, ba wanda ya sanar da shi cewa an fesa maganin ciyawa a bakin gonar da ta ci rabin burtalin. Dokar makiyaya ta 2010 ta tabbatar masa da haƙƙin wucewa, hukuma kuma tana sa ranar sakin gonaki kowace shekara don dabbobi su shiga su ci kara. Wace takarda zai karanta? Saniyarsa ta faɗi, shi ya ce mai gona ya sa mata guba da gangan, mai gona ya ce gonarsa ce yana da ikon fesa abin da ya ga dama. A yankin da rashin tsaro ya riga ya tsinka yarda tsakanin jama'a, ba ma buƙatar ƙarin wata ƙofar rigima tsakanin manomi da makiyayi.

Akwai kuma abin da masu dabbobi ke yi da hannunsu, kuma ba zan ɓoye shi ba. Kaska ta kama saniya, ko ƙuma da kwarkwata sun addabi ƴan awaki da kaji, sai a ɗauko ragowar maganin gona a dama a shafa. Malam zai ce ga sakacin da nake faɗa. Ni kuwa na ce a duba abin da ya kai mutum ga haka: malamin dabbobi yana nesa, hanyar zuwa gare shi ba kullum take da aminci ba, maganin dabbobi na ainihi ba ya kusa, na gona kuwa yana ƙarƙashin gado. Maganin gona ba a auna ƙarfinsa da abin da aka narkar da shi don fatar dabba ba. Ƙaramar dabba da ramammiya su ne ke fara faɗuwa, uwa ta lashi ɗanta ta haɗiye. Ko maganin kaska na ainihi yana da nasa sharuɗɗa: amitiraz da ake wanke shanu da shi yana iya halaka doki.

To idan dabba ta fara dalalar da yawu tana rawar jiki, me ke biyo baya? Kowa ya sani. A kawo wuƙa kafin ta zama mushe. A yanka, a feɗe, a kasa a raba wa maƙwabta ko a kai wa mahauci a rage hasara. Yanka yana halatta nama, amma ba ya fitar da abin da ya shiga hanta da tumbi da kitse. Idan kuma dabbar ta tsira, washegari za a tatse ta. Kilomita kamar 20 arewa da Filinge akwai Tukunus, inda gwamnati ke kiwon shanun Azawak tun 1954, irin da ƙasashe maƙwabta ke zuwa nema saboda nono. Cukun da matan wannan yanki ke yi ya kai har Yamai. Yaron da ya sha nono da safe, da matafiyin da ya sayi cuku a bakin hanya, ba su taɓa injin feshi ba, ba su ga kwalba ba. Wane sakaci suka yi?

Tambayar nan ita ce kuma ta matar da ta wanke rigar mijinta bayan feshi da hannu tsirara, da yarinyar da aka aika ɗebo ruwa da jarkar da ta taɓa ɗaukar magani, da ƙaramin yaron da ya ga gorar lemo a gindin bango ya kafa kai. Ita ce ta masu cin soyayyar fara, wadda mata ke kamawa da asuba a gonaki ba tare da sanin ko an yi feshi a wurin ba. Ita ce ta iyalin da suka kwana ɗaki ɗaya da buhunan wake da aka jefa wa ƙwayar bom. Wannan ƙwaya tana sakin iska mai guba da zarar ta ji danshi, an yi ta ne don ƙwararru su yi aiki da ita a rufaffen sito da ba kowa, kuma ba ta da makari. Haka ma parakwat, maganin ciyawar nan mai ƙona haki cikin yini guda: kurɓi ɗaya na iya kisa, yana lalata huhu a hankali cikin kwanaki, kuma har yau likitoci ba su da makarinsa.

Tunda maganar ta kawo nan, bari in faɗi abin da zai iya ceton rai. Al'adar ɗura wa wanda magani ya kama madara ko mai ba ta karya guba, tana iya ma sauƙaƙa mata shiga jiki, kuma tilasta masa amai na iya tura maganin cikin huhu. A cire masa tufafin da suka jiƙe, a wanke fata da ruwa mai yawa da sabulu, a kwantar da shi ta gefe, a garzaya da shi asibiti tare da kwalbar. Dangin piya-piya suna da makari, allurar aturofin, ba ta da tsada, amma sai an kai mutum da wuri kuma sai tana nan.

Hujja ta uku, wai karatun Turawa ne. Hukumar da ke tantance magungunan ƙwari a ƙasashenmu ita ce Kwamitin Sahel na Magungunan Ƙwari, ƙarƙashin ƙungiyar CILSS, mazauninsa Bamako, yana aiki tun 1994, kuma masanan Nijar suna cikinsa. Ta hanyarsa aka haramta endosulfan a 2007, parakwat a 2011, kabofuran, wanda aka fi sani da Furadan, a 2015. Ƙungiyar RECA ta zaurukan manoman Nijar ta sha zagaya kasuwanni tana ƙidaya magungunan da ake sayarwa, abin da take tararwa shi ne mafi yawansu ba su da izinin wannan kwamiti, kuma galibi ta Najeriya suke shigowa. Najeriyar ma ba ta zauna lafiya da su ba. A 2015 Tarayyar Turai ta rufe ƙofa ga busasshen waken Najeriya saboda yawan DDVP da aka samu a cikinsa. A 2019 hukumar NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalaben Sniper, mai ɗauke da DDVP, da danginsa a kasuwanni da kantuna, bayan mutuwar matasa da suka sha shi ta yi yawa. Parakwat kuwa, Suwizalan, ƙasar babban kamfanin da ya yi suna da shi, ta hana shi a gida tun 1989, Tarayyar Turai ta bi a 2007. Idan akwai wani darasi da za mu koya daga Turawa a nan, shi ne sun ƙi wa manomansu abin da ake kawo wa namu.

Mu ma mun taɓa ɗanɗana wannan. Diyeldirin da aka yi shekaru ana yaƙar fara da shi, daga baya aka gane ba ya ruɓewa, yana taruwa a kitse da nono. A 1991 sai da aka kwashe dubban litocinsa daga Nijar aka kai Holan aka ƙona. A zamaninsa shi ma ana cewa ba shi da laifi in an bi ƙa'ida.

Malam yana tsoron idan aka hana masu tsananin guba amfanin gona zai faɗi. Ƙasar Siri Lanka, ta ƙananan manoma kamar mu, ta gwada. Daga 1995 ta bi mafi haɗarin magungunan ɗaya bayan ɗaya tana cire su daga kasuwa, har ta kai kan parakwat. Cikin shekara 20 yawan masu kashe kansu ya ragu da kusan kashi 70 cikin 100, masu bincike sun ƙiyasta rayuka wajen 93,000 aka tsirar, kuma ba a ga noman ƙasar ya faɗi saboda haka ba. Ba wa'azin a yi hattara ne ya kawo wannan ba, cire abin daga hannun mutane ne.

Arahar ma sai an sake lissafi. Kwalbar da aka saya da ƴan ɗaruruwa, idan ta kashe rago ɗaya da aka yi wata shida ana turkawa, ko ta kwantar da magidanci mako guda tsakiyar noma, wa ya ci riba? Kuma tunda ba mai duba ingancin abin da ya shigo ta ɓarauniyar hanya, manomi bai da tabbacin abin da ke cikin kwalbar shi ne aka rubuta a bayanta. Magani ya ƙi ci, sai ya ninka awo, ya haɗa biyu ko uku a inji ɗaya.

Kuma ba a ce manomi ya zauna hannu rabbana ba. Buhun PICS mai ruɓi uku, wanda aka fara yaɗawa a 2007, masanan INRAN na Maradi suna cikin waɗanda suka gwada shi, yana ajiye wake watanni ba tare da ɗigon magani ba: leda biyu a ciki, buhu a waje, a ɗaure kowanne tam, ƙwaro ya rasa iska ya mutu. Murzuna, tsutsar da ke sassaƙe zangarniyar hatsi, feshi ba ya cimmata sosai tunda a cikin zangarniya take ɓuya. Abin da ya yi tasiri a kanta shi ne wani ɗan mitsitsin ƙwaro dangin zanzaro, Habrobracon hebetor, da ake renonsa cikin ƙananan buhuna a rataye a ƙauye, ya fita ya bi tsutsar har maɓuyarta. Tun 2006 ake wannan aiki a Nijar da Burkina Faso da Mali. Ga fara akwai Green Muscle, maganin da aka yi daga wani naman gwari mai kama dangin fara kaɗai, an gwada shi a nan Nijar, ba ya cutar da dabba ko mai feshi. Ga garka akwai ruwan ƴaƴan dogon yaro. Kowannensu yana da iyakarsa: Green Muscle yana ɗaukar mako biyu ko fiye kafin ya kashe, dogon yaro sai an maimaita, buhu in ya huje ya tashi aiki. Inda feshi ya zama dole, akwai magungunan da kwamitin Sahel ya yarda da su, akwai kuma birgadiyen ƙauye da ma'aikatar kare tsirrai ta horar.

Don haka nake cewa a mayar da hankali inda maganin ke shigowa. Nijar tana da dokar kare tsirrai ta 2015, sayar da maganin ƙwari sai da izini. Ƴan duwan da ma'aikatan gona da hukumomin gari na Filinge da Baleyara su fara da teburan kasuwa, su kwashe parakwat da Furadan da ƙwayar bom daga hannun ƴan tebur, a hana ɗura magani a gorar abin sha. Masu gari da limamai su sa doka cewa wanda ya yi feshi kusa da burtali ko tafki ya kafa alama, ya sanar da ruggar da ke kusa. Gidajen rediyon karkara su faɗi alamomin guba cikin Hausa da Zabarmanci da Buzanci da Fulatanci, a tabbatar kowane ƙaramin asibiti yana da aturofin.

Malam ya tambaya, idan haɗarin ya kai haka, ina gawawwakin? Amsar ita ce ba a ƙidaya su. Mai feshi da ya dawo da ciwon kai da jiri da amai zai ce rana ce ta buge shi, in an kai shi asibiti cikin damina zazzaɓin cizon sauro za a fara zato. Akuyar da ta mutu a ce ta ci wani haki, ko iska ce ta taɓa ta. Ɗakin gwajin da zai iya tabbatarwa yana can Yamai, kilomita 180 daga Filinge, ba mai ɗaukar mushen akuya ya kai can. Abin da nake roƙo ba ya cin kuɗi: a asibitocin Filinge da Shikal da Bonkuku da Damana, duk wanda ya zo da irin waɗannan alamu a tambaye shi ko ya yi feshi cikin kwana biyun da suka wuce, da wane magani, a rubuta. Malaman dabbobi su ma su buɗe littafi, su rubuta dabbar da ta faɗi, inda ta yi kiwo, da abin da aka shafa mata. A yi haka damina ɗaya da rani ɗaya, sannan ni da Malam mu zauna mu duba littattafan tare.